Masu Kwarfar Ruwa

Kwalbar ta iso da azahar, lamba arba'in da bakwai,
a cikinta ɗan tantani, ɓawon albasa ya fi shi kauri.
A takarda: Tasalla Buba, Dadin Kowa, idon hagu.
Na rina shi, na shimfiɗa a kan gilashi,
na duƙa wa madubi kamar mai leƙen rijiya.

Na san ta. Ita ta tare ni a baranda ranar Laraba,
mayafinta na ƙanshin bandar kifi.
Ta ce, "Ɗan nan, ka gaya musu ba yana ba ce.
Da asuba duniya tururin tukunya ce,
maigidana a bakin ƙofa sai da tari nake gane shi.
Kafin la'asar ta washe, in ƙirga canji daidai.
Wace irin makanta ce mai zuwa aiki da safe
ta tashi da yamma?"
Ban amsa ba. Ni ba likita ba ne, marini ne.

Ga amsar yanzu a kan fitila.

A bayan gilashin ido akwai wasu bayin Allah,
sahu ɗaya tak, kafaɗa da kafaɗa,
kowace da kusurwa shida kamar saƙar zuma.
Aikinsu kwarfa.
Ruwa na tsattsafowa dare da rana
kamar a tsohon kwalekwalen mijinta,
su kuwa suna kwarfewa, ba lada, ba hutun Salla,
don gilashin ya zauna garau.
Ba sa haihuwa.
Da waɗanda ka zo duniya, da ragowarsu za ka koma.
In ɗaya ta faɗi, maƙwabciya ta miƙe ƙafa
ta rufe gurbin, ta ɗauki ƙoƙo biyu.

Na Tasalla ba mutuwa kaɗai suka yi ba.
Wasu sun manta asalinsu.
Kusurwoyin sun goge,
sun tsiro gashi ƙanana, sun yi shigar fatar waje,
sun koyi haihuwar da ba a rubuta musu ba.
Suka hau kan juna, suka yar da ƙoƙo,
suka rarrafa har magudanar ido suka toshe ta,
suka kamo baƙin idon suka ja shi gefe
yadda yaro ke jan zanen uwarsa a kasuwa.
Can a lungu ga 'yan amanan da suka rage,
sun baje, sun faɗaɗa don gajiya.
Da dare, ido a rufe, ba iskar da za ta taya su,
sai gari ya waye jirgi ya cika.

Oga ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.
Shekara goma sha tara, in ji shi, wannan ce ta biyu.
Ya kira ɗalibai suka yi layi.
"Kun ga kyau?" ya ce.
Da kyan kuwa. Abin da ya dame ni ke nan.
Wata ta tambayi dalili,
ya ce littafi ma zargi yake yi, bai kama kowa ba.

An ce tantanin da aka dasa mata
a cikin ƙanƙara ya zo, daga wata ƙasa,
daga idon wani da ya gama kallo.
Da ta farfaɗo ba ta tambayi kuɗi ba,
sunan mai shi ta tambaya,
wai addu'a ba ta son zuwa ba adireshi.
Ba wanda ya sani.

Sai aka ɗauke wuta.
Madubi ya mutu, saƙar ta koma duhu.
Na zauna ina jiran janareto,
ido biyu a rufe,
ina sauraro ko zan ji ƙarar ƙoƙo.